Takardar Duba-gari a Bangon Asibitin Rage Ƙiba

Aikin duba-gari na yi har na yi furfura, kuma a cikin takardun da na sa wa hannu, waɗanda ba su ƙirguwa, guda ɗaya ce tak har yau in na tuna da ita abinci yake fita raina. Aikinmu ba ɓoyayye ba ne. Mu leƙa masai, mu buɗe randa mu ga ko da tsutsar sauro, mu bi kwata, mu je mayanka mu duba nama, mu tsawata wa masu sayar da abinci a tasha. Ba mai murna da ganinmu. Mata na hango hularmu daga bakin lungu za su hau kifar da ruwa da share tsakar gida. Shi ya sa ranar da wani mutum ya tako da ƙafarsa har inda nake zaune ya ce yana roƙon in je in duba masa wuri, ya kamata in sha jinin jikina. Ban sha ba. Daɗi ma na ji.

Mutumin ya kama hayar wani gida mai ɗaki uku a gefen Tambuwal, bakin titin Sakkwato, ya shafe shi da farin fenti, ya kafa allo wai asibitin rage ƙiba. A jikin allon an zana mace biyu, ɗaya kamar rumbu, ɗaya kamar kara, wai duk mutum ɗaya ce kafin magani da bayan magani. Ba wanda ya san garinsu, yau ya ce nan gobe ya ce can, Hausarsa kuma irin ta rediyo. Yana sa farar riga da ta sha guga, ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya kamar mai rataye da carbi. Abin da ya fi ba ni dariya, shi mai sayar da ramar, tumbinsa ne yake riga shi shiga ɗaki. Da wannan kaɗai ya isa mai hankali ya juya, amma mu mutanenmu in dai mutum ya sa farar riga ya iya cewa sannu da Turanci, to ya zama dakta.

Ranar da na je, bazara ta kai bazara. Ya tarye ni tun daga bakin titi.

“Ranka ya daɗe, ofisa. Ai ku ne gwamnati, mu namu bi ne.”

Kai tsaye ya ja ni bayan gida, domin ya san abin da duba-gari yake fara nema. Ban taɓa ganin masai mai kyau irin wannan ba, har da na gidana. Siminti sumul, murfi sabo, buta biyu, ga sabulu ko jiƙa shi ba a taɓa yi ba. Randa a wanke, kwata a share, kwandon shara da marfi.

Sai muka shiga ɗakin da yake ganin mutane. Sikeli ɗaya ne a ƙasa, sai tebur, sai benci. A kan teburin ga ƙwayoyi farare da rawaya an ƙulla su a ƙananan ledoji kamar ƙullin gishiri, babu suna, babu ranar lalacewa, babu komai. Ga wani garin ganye a robobi. Kwalaben allura jere a kan taga rana na dukansu, alluran da aka yi amfani da su kuma an cusa su a gwangwanin madara. Na duba ko zan ga abin awon hawan jini, ban gani ba. Ni ba likita ba ne, amma na zauna a makarantar koyon aikin lafiya, na san wurin da za a soka wa mutum allura sai da rajistar ma'aikatar lafiya, sai da likita mai lasisi, kuma ba a ba mutum magani a ƙullin leda.

Na ce, “Ina takardakka ta ma'aikata?”

“Tana hanya, ranka ya daɗe. Ka san aikin birni.”

“Alluran ga fa, ba cikin firji anka ce a aje su ba?”

Ya yi dariya, ya ce ai irin na zamani ne, ba ruwansu da zafi. Yana faɗa yana buɗe firjin, wanda ke cike da lemon kwalba har baki. Ya ɗauko mai raɓa ya buɗe mini, ya juyo da fanka saitin fuskata. To, iyakar tambayoyina ke nan, biyu. Na sha lemo na yi gyatsa.

Takardar da ke hannuna abu huɗu take tambaya: masai, ruwa, shara, shigar iska. Duk huɗun ya ci. Na ce wa kaina magani ba hurumina ba ne, akwai masu shi a birni, su zo su yi aikinsu. Na rubuta cewa wurin yana da tsafta, na rattaba hannu, na buga hatimi. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar nan, kuma wannan shi ya fi ƙona mini rai. Da ƙarya na yi, da na san sunan laifina.

Ina da yaya mace a Kebbe, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Har na yi jikoki Auta take ce mini. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta riƙe gidanta, abin da ta samu kuma ta mayar da shi shanu a hannun wasu makiyaya wajen Fakku. Mace ce mai jiki sosai. A wurinmu wannan ba abin kunya ba ne, abin yabo ne, in ta shiga gidan biki sai ka ji ana cewa Allah ya ba ta hutu. Sai dai gwiwoyinta ba su san da wannan yabon ba. Ga hawan jini da ta daɗe tana shan maganinsa. Wata rana a kan kujera take salla, tana yi tana jin haushin kanta.

A shekarar ta sayar da shanun ta biya kujerar Makka. Ba ta da wani buri da ya wuce wannan, tun ina yaro nake jin ta tana faɗa. Sai wata hajiya maƙwabciyarta, irin masu ba da labari da ƙarin gishiri, ta ce mata ai masu nauyin jiki a keke ake tura su wajen ɗawafi. Maganar ta tsaya mata a rai. Da na je gaishe ta, tun ban gama zama ba ta tare ni da ita.

“Auta, ni ba a tura ni cikin keke gaban Ɗakin Allah kamar buhun gero. Da ƙafata nika son in kewaya.”

Na ce ta rage tuwon dare, ta riƙa ɗan zagaya gari da safe. Ta yi tsaki. Ta ce mace mai shekarunta ta fita tana yawo ba aike ba biki, kafin azahar an ce iskokai sun taɓa ta. Gaskiya ta faɗa. Na yi dariya na bar maganar, ban ƙara waiwayarta ba.

Abin da mai farar riga ya gane game da mu, wanda ni da aka haifa a nan ban tsaya na auna ba, shi ne a ƙasarmu mace ba ta neman rama a fili. In matar aure ce ta rame, an ce miji ba ya ciyar da ita. In bazawara ce ko gwauruwa, an fara raɗe-raɗin wani mugun ciwo. Don haka duk wadda ta je wurinsa a ɓoye take zuwa, ta ja hijabi har hanci, ta sha magani a ɓoye, in ya cutar da ita ma ta yi jinya a ɓoye. Ba wadda za ta tambayi wata, ba wadda za ta gargaɗi wata. Ya samu garin da kunya ke yi masa gadi kyauta.

Haka Yaya ta riƙa hawa kabu-kabu daga Kebbe, a kan wannan hanya mai karya ƙugu, ta zo Tambuwal ranar kasuwa, ta wuce ta bakin lungunmu ba ta shigo ba. Matar da ba ta taɓa taka garin nan ta koma ba ta sha ruwan gidana ba. Ya ɗora ta a sikeli, ya ba ta farar ƙwaya da garin ganye, ya soka mata allurar kashe ciwon gwiwa duk zuwa. Bai tambaye ta wane magani take sha ba, bai auna jininta ba, bai ɗebi jini ko fitsari ya kai gwaji ba. Da azumi ya kama, ya ce mata ai ta yi sa'a, yanzu maganin zai fi ci, ta sha farar da sahur, ganyen da buɗa-baki. Azumin nan kuwa a tsakiyar zafi ya faɗo, lokacin da mai lafiya ma kafin la'asar harshensa ya zama kamar busasshen ƙirgi.

Da salla na je Kebbe na same ta ta faɗa, zanen da take ɗaurawa ya yi mata yawa. Ta miƙe tsaye a gabana ba ta dafa bango ba, tana kallona tana jiran in yaba. Na yaba kuwa, har da tsokana, na ce bana azumi ya yi mata aski. Na ga leɓɓanta a tsattsage, idanunta sun zurma, na ce zafi ne. Mai aikin lafiya ke nan, ya zauna ya cinye tuwon salla, ya hau babur ya koma gida yana murna.

Ba ta ko huta ba ta ɗora da sitta shawwal. Ina wajen aiki da hantsi ɗiyarta ta kira ni.

“Kawu, Inna ta faɗi. Azumi fuɗu tay yi cikin sitta, yau amai takai, kuma tun shekaranjiya ba ta yi fitsari ba.”

Muka ɗauko ta a mota. A Tambuwal aka duba ta aka ce mu wuce Sakkwato, kada mu tsaya. A can, bayan an ɗebi jini, likitar da ta karɓe mu, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba, ta tambaya ko akwai abin da take sha ban da maganin hawan jini. Na ce babu, da ƙarfin gwiwata. Sai ɗiyar Yaya ta sunkuyar da kai, ta kwance bakin mayafinta, ta zube ƙullin ledoji a kan tebur. A cikin kwallar ɗakin uwar ta tsinto su. Ina ganinsu na gane su, har irin ƙullin.

Likitar ta murza farar ƙwayar a yatsa, ta ce wannan ta sa fitsari ce, masu kumburin ciwon zuciya ake ba, shi ma da awo da lura. Ganyen na gudawa ne. Abin da sikeli yake nuna ya ragu ba kitse ba ne, ruwan jikinta ne aka tatse. A haɗa da allurar kashe ciwo, da maganin hawan jininta, da ƙishirwar azumi, ƙodar da dama ta gaji sai ta ajiye aiki. Ta ce da an yi mata gwajin jini sau ɗaya tun farko, da ba wanda zai ba ta ko rabin ƙwaya. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye ni aikina, na faɗa mata, ta dube ni ta ci gaba da rubutu.

Kwana uku bayan an fara yi mata wankin ƙoda ta dawo hayyacinta. Ni kuma da baƙin hali, maimakon in yi mata sannu, faɗa na hau yi. Na ce yaya mace mai hankali kamarta za ta kai kanta wurin ɗan damfara, tana da ƙane ma'aikacin lafiya ba ta tambaye shi ba. Ta bar ni na gama.

“To mi za ni tambaya, Auta? Hannunka nig gani ga bango.”

Yaya ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Amma ta san sa hannuna, domin duk wata takarda ta gidanta, ta gona ko ta makarantar yara, ni nake sa mata hannu. Ta ce ranar farko har ta juya za ta fita, wurin bai kwanta mata ba, sai mutumin ya nuna mata takardar ya ce gwamnati ta zo ta duba ta yarda. Ta matsa kusa ta ga ƙugiyar nan da nake ja a ƙarshe, hankalinta ya kwanta.

Washegari na dawo Tambuwal, ban biya gida ba na wuce wurin. Ga ta nan kuwa saitin ƙofa, an sa ta a gilashi mai ruwan zinari a gefe, kamar hoton gwamna. An naɗe saman takardar ta baya, inda aka rubuta cewa ta tsaftar muhalli ce, sai hatimi da hannuna suka fito raɗau. Mata uku na zaune a benci, kowace ta rufe fuska don kada ta kusa da ita ta gane ta. Na ciro gilashin na buga da ƙasa. Mutumin ko gezau, ya fito yana gyara abin wuyansa.

“Ranka ya daɗe, ni ban taɓa cewa lasisi ba ce. Cewa na yi gwamnati ta duba. Ba ka duba ba?”

Na ɗaga hannu zan mare shi, na kuma sauke. Na juya ga matan na ce su tashi su tafi, maganin nan ya kashe wa yayata ƙoda. Biyu suka fita sumi-sumi. Ta ukun ta ce ita sautu aka ba ta, ta zauna abinta.

A ranar na rubuta rahoton da ya kamata in rubuta tun ranar lemo, na kai shi birni da kaina. Masu hurumin suka zo cikin makon, amma kafin su iso gogan ya cika bujensa da iska. Sikeli da gwangwanin allurai kawai ya bari, firjin kuwa ya tafi da abinsa. Suka ce suna son waɗanda suka sha maganin su zo a auna su, a kuma rubuta bayaninsu. A nan na ga ikon Allah. Wurin da babura ke sauke mata tun safe har yamma, aka nemi mace ɗaya da ta taɓa zuwa aka rasa. Na san gidaje aƙalla biyar, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wani magidanci, wanda matarsa ke kwance tana jiri a ɗaki, ya tare ni a zaure ya ce shi iyalinsa ba su rasa abinci ba balle su nemi rama, in fita masa daga gida. Ya gwammace ƙodarta ta lalace da a ce a majalisa matarsa ta je asibitin ƙiba. Na raina shi ƙwarai, kuma ina tafe ina tuna cewa shi aƙalla bai buga wa kowa hatimi ba.

Da lokacin awon maniyyata ya zo, likitoci suka ce babu halin tafiya ga mai wankin ƙoda, kuma gaskiyarsu. Alhazai suka tashi Yaya na kwance. Rayuwarta ta koma hanyar Sakkwato sau biyu a mako, dole ta baro Kebbe ta dawo gidana da zama. Ramar da ta nema ta same ta har ta yi yawa, mata masu zuwa dubiya suna fita suna taɓe baki suna cewa ko sammu ne. Ba ta taɓa sake ɗaga mini maganar takarda ba, ko da wasa. Na so ta zage ni, ta ƙi.

Da shekara ta kewayo ta ce a tambayo mata malamai ko wani zai iya yi mata aikin hajjin. Aka ce akwai saɓani, wasu sun yarda ga wanda ba a sa ran warkewarsa, in mai zuwan ya riga ya sauke nasa. Ta ce ta ɗauki maganar waɗanda suka yarda. Tana da ɗa namiji, amma bai taɓa zuwa ba, ni kuwa na je shekarun baya. Ta kira ni ɗakinta.

“Kai za ka tafi ka yi mani. Ƙafafunka lafiya lau suke.”

Na je. Na yi niyya da sunanta, na kewaya Ɗakin sau bakwai, na yi Safa da Marwa. Kuma tun daga kewayen farko na fara ganinsu, mata daga kowace ƙasa, waɗansu sun fi Yaya jiki nesa ba kusa ba, suna tafe a hankali, su dafa kafaɗar ɗa ko ta ƙawa, su tsaya su huta, su sha ruwa, su ci gaba. Ba mai korar su, ba mai ƙidaya musu lokaci. Wata tsohuwa da ke gabana, ƙafafunta a kumbure kamar turmi, sai da na gama nawa na yi salla na huta, na hango ta tana cika nata tana dariya.

Ran da na dawo, bayan masu barka sun watse, na kai mata zamzam. Ruwan da take sha a yini aunanne ne, don haka a murfin gora aka zuba mata, ta kurɓa ta shafa sauran a fuska. Ta tambaye ni Arfa, ta tambaye ni Madina. Sannan ta hau murza bakin tabarma.

“Auta, masu jiki irin nawa na da, ka gan su can?”

Tun a jirgi na shirya ƙaryar da zan yi mata. Na dube ta na kasa.

“Na gan su, Yaya.”

“Cikin keke?”

“Wasu cikin keke. Da yawa da ƙafassu.”

Ta jinjina kai a hankali, ta daɗe tana kallon gwiwoyinta.

“Ashe da na iya,” ta ce.

Ta miƙo mini murfin gorar in rufe, ta ce in ja mata labule za ta kwanta, gobe da sassafe akwai hanyar Sakkwato.